Daga haƙorin Makka zuwa cikon da ido ba ya ganewa: Yadda gyaran haƙoran gaba ya sauya

Duk wanda haƙorinsa na gaba ya taɓa ɓantarewa ya san halin da ake shiga. Zafin kan lafa cikin 'yan kwanaki, amma sai ka ga mutum ya koyi dariya da rufaffen baki, ko ya riƙa kai hannu yana kare leɓe in ana hira. In an zo ɗaukar hoto a wurin biki, shi ne mai ɗaure fuska kamar an yi masa laifi.

Masu wannan matsala suna da yawa. Wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya tattara sakamakon bincike daga ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa fiye da mutum biliyan ɗaya da ke raye sun taɓa jin rauni a haƙori. Haƙora biyun nan na sama da ke tsakiya su suka fi shan wahala, don su ke fara cin karo da ƙasa in yaro ya faɗi a filin ƙwallo ko babur ya kayar da mutum.

Shekaru sittin da suka wuce, in ka je wa likita da irin wannan haƙori, zaɓinsa kaɗan ne. Ko dai ya sassaƙe haƙorin ta kowane ɓangare ya kifa masa hula, ko ya yi cikon da zai dafe ko ya faɗo bayan ɗan lokaci. Yau likita na iya gina kusurwar da ta karye a zama ɗaya, sau da yawa ba tare da ya kankare komai daga lafiyayyen haƙorin ba. Abin da ya kawo wannan sauyi shi ne kayan aikin da ke hannunsa.

Me ya sa na gaba ya fi wuya?

Ramin da ke cikin matauni yana da bango ta kowane gefe, saboda haka in aka danna ciko a ciki zai zauna ko da bai manne ba. Kusurwar haƙorin gaba kuwa ba ta da bango. Duk abin da aka ɗora a wurin dole ya riƙe kansa da kansa, kuma ya jure gatsar rake da yagar tsire.

Sai kuma maganar kala. Haƙori ba farin fenti ba ne. Ɓawonsa na waje, wanda likitoci ke kira inamel, haske na ratsa shi kamar gilashin da ya ɗan yi hazo. Kalar da muke gani yawanci ta ɓangaren da ke ƙarƙashinsa ce, wato dentin, mai ruwan ɗorawa-ɗorawa. In ka tsaya gaban madubi ka duba bakin haƙorinka na gaba, za ka ga ya ɗan yi toka-toka, saboda a nan dentin ya ƙare, haske na wucewa. Cikon da bai kwaikwayi wannan ba, ko daga nesa za a gane shi.

Haƙorin Makka da alhazai da hajiyoyi ke dawowa da shi bai taɓa shiga wannan rigima ba. An sa shi ne don a gani, a san an sauke farali. Wahalar tana wurin wanda ke son a gyara masa haƙori kuma kada kowa ya san an taɓa shi.

Dabarar da aka aro daga masu fenti

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, abin da aka fi cike haƙoran gaba da shi wani siminti ne da ake kira siliket. Yana kama da haƙori ranar da aka sa shi, amma yawu na narkar da shi a hankali. Da aka koma roba ta akirilik, sai ta zo da nata aibin: tana tsukewa in ta daskare, ta bar 'yar kafa a gefe, datti ya shiga, ruɓa ta sake farawa.

A 1955 wani mai bincike a cibiyar haƙori ta Eastman da ke Rochester a Amurka, Michael Buonocore, ya wallafa wata gajeriyar maƙala. Ya lura cewa a masana'antu ana wanke ƙarfe da asid ɗin fosforik kafin a yi masa fenti don fentin ya kama. Sai ya gwada a kan haƙori. Asid ɗin ya ɗan ci saman inamel ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani, roba ta kwarara ciki ta daskare, ta riƙe gam. Duk mai gini ya san wannan hikima: ba a yin filasta a kan bango mai santsi sai an ɗan farfasa fuskarsa.

An ɗauki shekaru fiye da goma kafin likitoci su rungumi dabarar sosai, amma yau kusan duk gyaran haƙorin gaba a kanta ya dogara. Shuɗin man nan da likita ke shafawa na 'yan daƙiƙoƙi sannan ya wanke, shi ne asid ɗin, yawanci mai ƙarfin kashi 35 zuwa 37 cikin ɗari.

A farkon shekarun 1960 kuma wani likitan haƙori, Rafael Bowen, ya haɗa wata sabuwar roba mai suna Bis-GMA, ya cuɗa ta da garin ma'adini mai tauri. Wannan gauraye shi ake kira kwamfozit, kuma shi ne farin cikon da ake yi a asibitoci har gobe.

Rigimar girman ƙwayar gari

Kwamfozit kamar kwaɓin siminti da yashi ne. Robar ita ce simintin, garin gilashi ko ma'adini shi ne yashin. Kusan duk ci gaban da aka samu cikin shekaru hamsin ya ta'allaƙa ne a kan girman ƙwayar wannan yashi.

Na farko-farko ƙwayoyinsu manya ne. Suna da ƙarfi, amma da an fara goge baki sai robar da ke tsakaninsu ta zaizaye, ƙwayoyin su fito su ɓalle, saman cikon ya yi kaushi. Kaushi kuwa shi ne masaukin shayi da goro da hayaƙin taba. Shi ya sa tsofaffin ciko ke komawa ruwan ƙasa.

A ƙarshen shekarun 1970 aka fito da masu gari mai laushi ƙwarai. Waɗannan suna ɗaukar sheƙi kamar inamel, sai dai ba su da ƙwari, in aka gina bakin haƙori da su suna iya ɓantarewa. Aka zo aka gauraya manya da ƙanana, aka sami ƙarfi, sheƙin kuma ya ragu. Likita ya zama sai ya zaɓi ɗaya, ko ya yi amfani da iri biyu a haƙori guda.

Wadda ta warware wannan ƙulli ita ce Sumita Mitra, masaniyar kimiyyar sinadarai 'yar asalin Indiya da a lokacin take aiki a kamfanin 3M a Amurka. Ita da abokan aikinta sun yi amfani da ƙwayoyin da wasunsu ba su wuce nanomita 20 ba. Nanomita ɗaya shi ne milimita in an raba ta gida miliyan, silin gashin kai ɗaya kuwa kaurinsa kan kai nanomita dubu saba'in ko fiye. Dabarar ita ce an dunƙule waɗannan ƙwayoyi kamar nonon inabi. Dunƙulen na ba da ƙarfi kamar babbar ƙwaya, amma in ya zo zaizayewa sai ya riƙa zubar da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, saboda haka saman cikon ba ya yin rami. Samfurin ya shiga kasuwa a 2002 da sunan Filtek Supreme, kuma a 2021 aka ba Mitra lambar yabo ta masu ƙirƙira ta Turai a kan wannan aiki. Yanzu kusan kowane babban kamfani yana da irin nasa.

Wani sauyin da ba a cika yaba masa ba shi ne shuɗiyar fitilar nan da ake haska wa haƙori. A da, ana kwaɓa abu biyu ne, daga nan likita na tsere da lokaci kafin ya daskare. Yanzu cikon na nan da taushinsa har sai an haska shi na daƙiƙa 20 zuwa 40. Wannan ya ba likita damar yin gini hawa-hawa, kowane hawa bai wuce kaurin milimita biyu ba: mai duhu daga ciki a madadin dentin, mai barin haske ya ratsa daga waje a madadin inamel. Fitilun yanzu na LED ne masu batir, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne a inda wuta ke zuwa in ta ga dama.

Cikon da ba a sa masa kala ba

Wanda ya taɓa zuwa gyaran haƙori zai tuna wani ɗan allo mai jerin haƙoran roba da likita ke karawa a bakinsa. Wanda aka fi amfani da shi na kamfanin VITA ne na Jamus, mai kala 16, daga A1 zuwa D4. Asibiti kan ajiye kaloli da yawa, wasu su lalace a kan kanta ba a taɓa su ba, kuma duk da haka ana kuskuren zaɓe, musamman in hasken ɗakin ba shi da kyau ko haƙorin ya bushe.

A 2019 kamfanin Tokuyama na Japan ya fito da Omnichroma, kwamfozit mai kala ɗaya tak. Ba a zuba masa rini ba. Ƙwayoyinsa mulmulallu ne masu girma ɗaya, nanomita 260, kuma yadda suke jere ne ke sa su mayar da haske mai ja-ja zuwa ɗorawa, kamar yadda gashin ɗawisu ke samun kalarsa daga tsarin gashin. Wannan haske na haɗuwa da kalar haƙorin da ke kewaye, sai cikon ya saje.

Talla ta zuzuta shi fiye da kima. Yana aro ne daga haƙorin da ke bayansa da gefensa, to in kusurwa ce ta karye gaba ɗaya babu abin da zai ara sai duhun cikin baki, sai ya fito toka-toka. Kamfanin da kansa yana sayar da wani abin da ake fara shimfiɗawa don tare duhun. A ƙananan ramuka yana aiki da kyau, a babban karaya kuwa har yanzu idon likita da hannunsa ne abin dogaro.

Kwamfozit kowane iri ne yana da iyaka. Yana dafewa da shekaru, bakinsa na iya ɓantarewa, kuma in yawu ya taɓa wurin lokacin da ake manna shi, aikin ya ɓaci tun daga tushe. Shi ya sa likita mai kula ke killace haƙorin da shimfiɗar roba ko auduga. Falalarsa ita ce ana iya sake goge shi, a yi masa faci, ko a cire shi haƙorin na nan yadda yake.

Tangaran

In haƙori ya yi duhu sosai, ko ana son sauya siffar haƙora da yawa, sai a koma ga biniya, wato siririn falle na tangaran da ake mannawa a fuskar haƙori. Asalinsa daga Hollywood ne. A ƙarshen shekarun 1920 wani likita a Kalifoniya, Charles Pincus, ya riƙa yi wa 'yan fim irin waɗannan fallaye, a liƙa su na 'yan sa'o'i a cire bayan an gama ɗauka, don babu abin da zai riƙe su. Sai a farkon shekarun 1980 likitoci irin su John Calamia da Harold Horn suka nuna cewa shi ma tangaran ana iya cin bayansa da wani asid, ya manne da inamel na dindindin. Biniya ta yau kaurinta kan kasance tsakanin milimita 0.3 da 0.7, kusan kaurin farce.

Kafin nan, hular da aka saba yi ƙarfe ce a ciki, tangaran a waje. Tana da ƙarko, amma haske ba ya ratsa ta, kuma in dasashi ya ja baya sai baƙin layi ya bayyana a gindin haƙori. Da yawa daga cikin iyayenmu da aka yi wa hula a da suna da wannan layi.

Abu biyu ne suka ture ƙarfen. Na farko shi ne litiyam disiliket, gilashi mai cike da ƙananan lu'ulu'u masu kama da allurai da suka sarƙe da juna, waɗanda ke tare tsagewa kafin ta yi nisa. Kamfanin Ivoclar na ƙasar Liechtenstein ya fito da shi a 1998, sannan ya inganta shi a 2005 da sunan IPS e.max. A ma'aunin jure lanƙwasa, tangaran na da kan tsaya a wajen megafaskal 100 ko ƙasa da haka, wannan kuwa yana kai 360 zuwa 400, kuma haske na ratsa shi. Irin wanda inji ke sassaƙawa yana zuwa ne da kala shuɗi-shuɗi, sai an gasa shi a zafin da ya haura digiri 800 sannan ya rikiɗe ya koma kalar haƙori.

Na biyu shi ne zakoniya, wadda ƙarfinta ke iya haura megafaskal 1,000. Ta farko fara ce fat kamar alli, ta fi dacewa da matauni. An ƙara mata sinadarin itiriya don haske ya ratsa, sai ta yi kyau amma ƙarfin ya ragu da kusan rabi. Ga shi kuma ba ta da gilashi a jikinta, asid ba ya cinta, manna ta sai da wata dabara daban. In wani ya ce maka zakoniya ta fi komai don ta fi ƙarfi, ka tuna cewa haƙorin gaba bai cika buƙatar wannan ƙarfin ba.

Hatta awon baki ya sauya. A 1985 aka fara amfani da na'urar CEREC a kan majiyyaci a Jami'ar Zurich, aikin Werner Mörmann da Marco Brandestini. Yau kyamara ce ke ɗaukar hoton haƙori, kwamfuta ta zana, inji ya sassaƙa, wani lokaci duk a wuni ɗaya.

Haƙoran da ruwan sha ya rina

Akwai garuruwan da za ka ga yara da manya haƙoransu da fararen ɗigo ko jan tabo, alhali ba goro suke ci ba. Sau da yawa sinadarin fuloraid ne ya yi yawa a ruwan da suka sha suna ƙanana, lokacin da haƙoran ke ginuwa cikin dasashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita. An san wannan matsala a yankunan Kaltungo a jihar Gombe da Langtang a jihar Filato. A Tibiri da ke jihar Maraɗi a Nijar abin ya wuce haƙora, domin ruwan rijiyoyin burtsatse da aka fara sha daga tsakiyar shekarun 1980 ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara.

Irin wannan tabo a cikin inamel yake, saboda haka asuwaki ko gawayi ko toka ba sa fitar da shi, sai dai su cinye haƙorin. A da maganinsa biniya ko hula. Yanzu in tabon bai yi zurfi ba, likita na iya goge saman da wani man asid mai laushi, ya yi bilicin, ko ya yi amfani da wata dabara da masu bincike a Jamus suka ƙirƙiro, wadda kamfanin DMG ya fitar a 2009 da sunan Icon. Farin ɗigo yana yin fari ne saboda inamel ɗin wurin cike yake da ƙananan kafofi masu ɗauke da iska ko ruwa, waɗanda ke watsa haske. Sai a busar da wurin, a ɗiga wata roba mai ruwa-ruwa ta tsotsu cikin kafofin, a haska ta daskare. Kamar dai yadda takarda ke yin garau in mai ya taɓa ta. Ba allura, ba sassaƙa. Tabo mai zurfi da ramuka kuwa har yanzu sai kwamfozit ko biniya.

Tambayar da ya kamata a yi kafin a kunna inji

Inamel ba ya sake tsirowa. Abin da aka kankare ya tafi ke nan, kuma shi ne abin da gam ya fi kamawa. Wani bincike da Daniel Edelhoff da John Sorensen suka wallafa a 2002 ya auna yawan abin da ake cirewa daga haƙorin gaba: biniya da makamantanta na cin kashi 3 zuwa 30 cikin ɗari na abin da ke sama da dasashi, cikakkiyar hula kuwa kashi 63 zuwa 72.

Wannan tazara ce ta sa likitoci a Birtaniya suka yi ta ƙorafi a kan abin da aka laƙaba wa suna haƙoran Turkiyya, har BBC ta yi shiri a kai a 2022. Matasa na tafiya neman murmushi irin na Instagram a farashi mai sauƙi, wasunsu na zaton biniya za a yi musu, su dawo an feƙe lafiyayyun haƙoransu an kifa huluna. Akwai ƙwararrun likitoci a Turkiyya, kuma ana yin irin wannan ɓarna a wasu ƙasashen ma. Amma wanda aka yi wa hula yana ɗan shekara 25 ya san cewa zai sake ta fiye da sau ɗaya a rayuwarsa, kuma kowane sauyi da kuɗinsa da haɗarinsa ga jijiyar haƙorin.

Saboda haka kafin ka amince, ka tambayi likita kai tsaye: nawa za a kankare daga haƙorina, kuma akwai hanyar da ba ta kai wannan ba? In za ka yi bilicin, ka fara da shi, domin kwamfozit da tangaran ba sa yin haske da bilicin, kuma ana jira kimanin mako biyu kafin a yi manni. In kana cizon haƙora cikin barci ka faɗa, don yana fasa ko wane irin gyara.

Ga masu wushirya, kwamfozit na iya rufe ta ba tare da an kankare komai ba, kuma ana iya cire shi in an sake shawara. Ni dai ban ga dalilin rufe abin da mawaƙanmu suka daɗe suna yabo ba, sai in tana hana mai ita sakewa. Abin da ya fi damuna shi ne masu zuwa a goge musu tsakanin haƙora don a ƙirƙiro wushirya. Wannan inamel ne lafiyayye ake zubarwa, kuma tsamin haƙori na iya biyo baya.

Akwai kuma kayan gyaran da har yanzu babu kamfanin da ya yi kamarsa, wato guntun haƙorin da ya karye. Da gam ɗin zamani likita na iya mayar da shi mazauninsa, kala da siffa duk su dace. In yaro ya faɗi, a duba ƙasa a nemo guntun, a jefa shi cikin madara don kada ya bushe, a tafi da shi asibiti. In haƙorin girma ne ya fita ɗungurungum, a riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar ko a kankare ta. A ɗauraye shi kaɗan in ya yi datti, a mayar da shi raminsa in zai yiwu, in ba haka ba a sa shi cikin madara a garzaya wurin likita cikin sa'a guda. Haƙorin nono ne kawai ba a mayarwa, don kada a raunata na girma da ke ƙarƙashinsa.